Lig ɗin MIAA da ƙaninka ya gani a waya: ɗakuna uku ne ke cika

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tambayarka na fahimce ta kamar haka: ƙaninka dogo ne, yana buga ƙwallon kwando a Kaduna, ya ci karo da bidiyon wasan Hope da Calvin, makarantu biyu na jihar Michigan a Amurka, a waya, ya ga ɗaki ba masaka tsinke ana ta ihu, yanzu ya tada hankalin gida wai shi can zai tafi. Kai kuma kana so ka san wane irin lig ne wannan, yana da ƙarfi ko ya mutu, da gaske haka mutane ke cika ko ranar ce kawai, sannan akwai sikolashif ko babu.

Toh ni na daɗe a yammacin Michigan, kuma na yi shekaru ina hura usur a wasannin yaran sakandare a yankin, yaran da yawancinsu waɗannan makarantun ne ke ɗibarsu, dan haka abin da zan faɗa maka na gani ne da ido. Bidiyon ba ƙarya bane. Amma wasa ɗaya ya gani cikin lig mai ƙungiya takwas, kuma wanda ya gani ɗin shi ne kitsen.

Sunan lig ɗin MIAA, an kafa shi a 1888, babu rukunin wasannin jami'a a Amurka da ya girme shi. A tsarin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, yana mataki na uku ne, wanda suke cewa D3, wato can ƙasa da su Duke da Kentucky da kake gani a talabijin. Ƙungiyoyin maza takwas ne: Hope, Calvin, Trine, Albion, Alma, Adrian, Kalamazoo da Olivet. Akwai ta tara, Saint Mary's, amma makarantar mata ce zalla. Duk a Michigan suke banda Trine da Saint Mary's da ke Indiana. Kowa na haɗuwa da kowa gida da waje, wasa 14 kenan na lig, galibi Laraba da Asabar cikin tsakiyar hunturu, sai ƙarshen Fabrairu a yi gasar sili ɗaya ƙwale, wanda ya ɗauka ya samu tikitin shiga gasar ƙasa kai tsaye.

Bari in fara da maganar kuɗi tunda nasan ita ce ke ranka. Babu sikolashif na wasa a D3, ko sisi. Doka ce, kuma ba irin dokar da ake zagayewa ta baya ba, ofishin tallafin karatu ma ba a yarda ya duba cewa yaro ɗan wasa ne ba wajen yanke abin da za a rage masa. Abin da ake samu ragi ne saboda kyan sakamako ko saboda halin gida, kuma kuɗin makaranta a irin su Hope da Calvin ya kai wajen dala dubu 40 a shekara kafin ragi, banda ɗaki da abinci. Ɗalibin waje kuma sai ya nuna takardar banki cewa zai iya biyan abin da ya saura kafin a ba shi takardar neman biza. Dan haka duk wani eja da yazo ya ce maka zai samo wa yaro "cikakken sikolashif na ƙwallo" a ɗaya daga cikin makarantun nan, ka riƙe aljihunka, kallon kitse ake so ka yi wa rogo.

Toh yanzu in yaran nan ba biyansu ake ba, ba NBA za su ba, me ya sa dubban mutane ke fitowa cikin dusar ƙanƙara su kalle su? A nan ne mutane ke kuskure, suna zaton kyan ƙwallon ne ke jawo jama'a. Ƙwallon na da kyau, zan dawo kanta, amma ba ita ke cika ɗakin ba. Gari ne da coci da dangi.

A 1847 wasu baƙi daga ƙasar Holan suka sauka a bakin tafkin Michigan ƙarƙashin wani limaminsu Albertus Van Raalte, suka kafa gari suka sa masa Holland. Shekara goma bayan nan, 1857, cocinsu ya rabe biyu kan saɓanin aƙida da yadda ake ibada. Ɓangaren da ya tsaya shi ke da Hope a garin Holland, ɓangaren da ya fita shi ya kafa Calvin a Grand Rapids, tsakaninsu bai fi tafiyar minti 40 a mota ba. Kaga kenan mutane ne 'yan asali ɗaya, sunaye iri ɗaya, Van kaza da De kaza, sun yi auratayya, a gida ɗaya zaka samu uba ɗan Hope uwa 'yar Calvin. Wasan farko tsakaninsu 1920 aka yi, yanzu sun haɗu sama da sau 200 kuma har yau tazarar nasara a tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Suna da wani barkwanci da suke yi, wai marar addini shi ne wanda zai je wasan Hope da Calvin bai damu da wanda zai ci ba. In ka san wasan taubasai ko na Bare-bari da Fulani ka kusa gane abin, illa su nasu da allon maki ake yi.

Wani abu ma da zai baka mamaki, wannan cocin na Calvin ba baƙo bane a wajenmu. A waccan shekarar ta 1920 wata mata 'yar cocin, Johanna Veenstra, ta iso Najeriya, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a Vom a 1933, kuma cocin CRCN na Taraba daga wannan jijiyar ya fito. A Calvin akwai ɗakin kwanan ɗalibai da sunanta, kuma wannan alaƙar ce ta sa in ka shiga makarantar ba ka rasa 'yan Jos da Taraba da Binuwai, har ka ji Hausa a ɗakin cin abinci. Wannan ratse ne, mu koma ƙwallo.

Taron da ya fi kowane girma a 1997 aka yi shi, suka ɗauke wasan daga makaranta suka kai babban ɗakin Van Andel da ke cikin Grand Rapids, mutum 11,442 suka shiga, adadin da ya zama tarihi a D3. A 2005 tashar ESPN ta jera manyan hamayyoyin ƙwallon kwando na jami'a a duk Amurka, ta sa Hope da Calvin a na huɗu, tare da su Duke da North Carolina, ka duba fa. Tsofaffin ɗalibai kuwa duk shekara suna haɗuwa a garuruwa da dama, har ƙasashen waje, su kalli wasan tare, 'yan Hope masu ruwan lemo da shuɗi gefe guda, 'yan Calvin masu ja mai duhu da ruwan gwal gefe guda.

Ɗakin Hope sunansa DeVos, an buɗe shi 2005, yana cin mutum kamar 3,400, kuma an sa masa sunan marigayi Richard DeVos ne da matarsa, attajirin kamfanin Amway da ya mallaki ƙungiyar Orlando Magic ta NBA, wanda abin dariyar shi a Calvin ya yi karatu. Calvin ba su bari an bar su a baya ba, 2009 suka buɗe Van Noord mai cin kusan dubu 5. Hope ta shafe shekaru masu yawa a jere tana ta ɗaya a yawan 'yan kallo a duk D3, makarantu sama da 400 kenan, alhali ɗalibanta dubu 3 ne da ɗoriya, garin ma gaba ɗaya bai kai mutum dubu 40 ba.

Amma in ka shiga ɗakin ka duba fuskoki, za ka gane su waye. Ɗalibai na nan a bayan kwando, ana ce musu Dew Crew, duk da riga ruwan lemo, a tsaye suke daga farko har ƙarshe suna damun ɗan wasan baƙi in zai jefa ta kyauta. Sai dai ba su ne mafi yawa ba. Mafi yawa furfura ce. Wata Asabar na zauna kusa da wata tsohuwa da ta haura 80, ta zo da 'yar matashin zama da fensir da takarda, duk wanda ya jefa sai ta rubuta, duk laifin da aka hura sai ta ja layi, da alƙalin wasa ya hura wani abu da bai mata ba sai ta juyo ta ce min ya yi kuskure, ƙafar yaron a kafe take tun kafin a buge shi, kuma wallahi ita ke da gaskiya, ni da nake aikin na gani. Ta ce min kujerar nan ita da marigayi mijinta suka fara riƙe tikitin shekara tun ana wasa a tsohon ɗakin taro na gari kafin a gina wannan. Irin waɗannan mutanen su ne jarin Hope, ba sa fashi ko ƙungiya na ci ko ba ta ci, ko da wa ake bugawa.

Toh ga ɗaya fuskar da ba ta shiga bidiyo. Wata Laraba cikin Fabrairu na tuƙa mota kusan awa biyu zuwa ɗaya daga cikin ƙananan makarantun lig ɗin, ba zan kira suna ba dan ba laifinsu bane, saboda wani yaro da na sani tun yana sakandare yana bugawa. Sanyi kamar ya tsaga kunne, hanya duk gishiri da ƙanƙara. Na shiga na zauna, kafin a fara na ƙirga mutane da yatsa dan ba wuya, ba mu kai 200 ba har da 'yan wasan mata da suka tsaya kallo da 'yan ƙwallon Amurka (wadda ake sa hular kwano) da aka ga kamar kocinsu ne ya turo su. Kana jin ƙarar takalmi a katako, kana jin koci na faɗa wa yaro inda zai tsaya, kana jin wata uwa na kiran sunan ɗanta. Wasan kuwa ya yi zafi har aka yi ƙarin lokaci. Lig ɗaya ne fa da wancan, doka ɗaya, kofi ɗaya ake nema.

Dalilan ba ɓoyayyu bane. Yawancin sauran makarantun ɗalibansu tsakanin dubu ɗaya ne da dubu biyu, a garuruwan da wasu ba su kai mutum dubu 10 ba, Olivet ma ƙauye ne in za a faɗi gaskiya. Kuma kaso mai yawa na ɗaliban su kansu 'yan wasa ne, lokacin da ake ƙwallon kwando suna wajen nasu atisayen. Kalamazoo gari ne babba amma akwai jami'ar Western Michigan mai buga D1, wato mataki na ɗaya, a cikinsa, duk mai son kallo can zai nufa. A Adrian zuciyar mutane na wajen wasan hoki na kan ƙanƙara, sun ɗauki kofin ƙasa a 2022. Albion kuma tarihin da suke tinƙaho da shi na ƙwallon Amurka ne, kofin 1994. Dan haka in ka ji an ce MIAA na cikin lig-lig masu yawan 'yan kallo a D3, gaskiya ne a lissafi, amma irin lissafin nan ne na a haɗa kuɗin Alhaji da na almajiransa a raba daidai a ce kowa mai kuɗi ne.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan, kuma ni shi ya fi burge ni, Trine ne. Sun shigo lig ɗin a 2004 da sunan Tri-State, suka canza suna a 2008, kuma da farko ba wanda ke lissafi da su. Suna garin Angola, eh haka sunan yake, amma a Indiana, jihar da ƙwallon kwando kamar gado ne, ƙauye ma sai ka ga ɗakin wasan sakandarensa ya fi na wata jami'ar. Suka zuba kuɗi suka gina sabon ɗaki, MTI, a 2018, koci Brooks Miller ya zauna ya gina ƙungiya a hankali, sai gashi 2024 sun ɗauki kofin ƙasa, suka ci Hampden-Sydney 69 da 61. Allah kuma ya haɗa musu da sa'a, wasan ƙarshen a Fort Wayne aka yi, ƙasa da awa ɗaya daga makarantarsu, garin Angola ya kwaso ya taho kamar wasan gida. Kafin nan Calvin kaɗai ta taɓa kawo wa lig ɗin kofin maza, 1992 da 2000. Hope da duk cikar ɗakinta sau biyu ta je wasan ƙarshe, 1996 da 1998, duka ta dawo hannu rabbana, kuma wannan ciwo ne da 'yan Calvin ba sa bari ya warke. Matan Hope ne ma ke share musu hawaye, su sun ɗauka sau uku, 1990, 2006 da 2022, kuma su ma ana cika musu ɗaki, ba abin da ake gani ko'ina bane.

Ni a ganina zuwan Trine alheri ne ga lig ɗin, dan da kamar gidan mutum biyu ne, shekara da shekaru kofi na yawo tsakanin Holland da Grand Rapids, sai jefi-jefi irin su Albion su fizge. Glenn Van Wieren kaɗai ya riƙe Hope daga 1977 zuwa 2010 ya ci wasa 660, kaga sauran sun sha wuya. Sai dai magoya bayan Trine nasara ce ta tara su, na Hope kuwa gado ne, ba a gwada na Trine da shekarun fari ba tukuna. In suka yi shekara uku ba sa ci sannan za a san ko tsofaffin Angola za su riƙa fitowa ranar Laraba.

In ka ce in faɗa maka lafiyar lig ɗin a taƙaice, sama lafiya lau, har ma ta fi da, ƙasa kuma tana ɗingishi, kuma abin da ke damunta ba ƙwallo bane, yara ne suka yi ƙaranci. Haihuwa ta ragu a Amurka bayan karyewar tattalin arziki na 2008, yaran da ba a haifa ba a lokacin su ne ya kamata yanzu suna shiga jami'a, kuma Michigan na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Ƙananan makarantu masu zaman kansu da kuɗin ɗalibai suke rayuwa. Finlandia da ke can arewacin jihar ta rufe a 2023, Siena Heights da ke gari ɗaya da Adrian ta sanar a 2025 cewa za ta rufe, duk da su biyun ba 'yan MIAA bane amma maƙwabta ne, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta ka san abin yi. Shi ya sa makarantun suka mayar da wasanni hanyar kamo ɗalibai, har Calvin da ta shekara sama da ɗari ba ta ƙwallon Amurka ta fara a 2024. Wannan ya shafi ƙaninka kai tsaye: in koci ya amsa masa saƙo da fara'a ya ce ka zo muna sonka, yana iya zama da gaske yana sonsa, yana kuma iya zama kujera ce ake so a cike, dan wasu ƙungiyoyin na tara yara fiye da waɗanda za su taɓa shiga fili, sauran su ƙare a ƙungiya ta biyu ko a benci suna tafi, kuma kowa cikinsu biya yake.

Sai kuma waya. Yanzu kusan duk wasa ana nuna shi kai tsaye a intanet, abu ne mai kyau, kai ma daga Kaduna za ka iya kallo in ka iya farkawa, wasan Laraba da daddare a can wajen ƙarfe ɗaya na dare ne a wajenku. Amma uban da da yake tuƙa awa biyu cikin ƙanƙara yanzu yana kwance a falo yana kallo, ɗalibin da ɗakinsa ke taku 300 daga filin ma haka. Masu furfurar nan da ke riƙe da Hope kuwa kullum raguwa suke, kuma jikokinsu da yawa ba su da ruwa da wane coci ya fita daga wane a 1857, su dai sun san ana gaba da Calvin, ba su san dalili ba. Ko gabar za ta ɗore ba tare da dalilinta ba, ni ina ganin za ta ɗore a ranar wasan su biyun, amma sauran ranakun ne abin dubawa.

Batun ƙarfin ƙwallon kuma, kar ƙaninka ya raina dan ya ji mataki na uku. Yawancin yaran nan su ne taurarin sakandarensu, na hura musu wasa na sani, abin da ya hana su D1 ko tsawo ne ya gaza da ɗan yatsa biyu ko gudu. Amma harbi daga nesa, karanta wasa, tsaron gida na haɗin gwiwa, sanin inda za ka tsaya in ba ka riƙe da ƙwallo, wannan tun suna 'yan shekara takwas ake koya musu. Yaranmu da ke zuwa galibi sun fi su jiki da tsalle, sai a wata na farko ka ga yaro ya rikice, ana kiran tsari bai san ina zai nufa ba, ga daƙiƙa 30 kacal na harbi, ga laifi biyar an fitar da kai. Dogo mai tare ƙwallo a sama yana da kasuwa a lig ɗin dan irinsu ba su da yawa a D3, amma sai ya iya jefa ta kyauta, in ba haka ba minti biyun ƙarshe benci zai kalla.

Shawarar da zan baka, ku fara da takardunsa kafin ƙwallonsa, WAEC mai kyau ita ce za ta rage kuɗin, ba tsawonsa ba. Sannan ya ɗauki cikakken wasa guda daga farko har ƙarshe ya tura wa koci, ba irin guntayen nan da ake haɗawa da kiɗa ba, koci so yake ya ga me yaro ke yi bayan ya ɓarar da ƙwallo. Ya tambaye shi kai tsaye mutum nawa ne a ƙungiyar, nawa ne a matsayinsa, kuma 'yan shekarar farko nawa suka buga bara. In abin da yake nema a biya masa karatu ne saboda ƙwallo, ya duba NAIA (wata hukumar wasannin jami'a daban da NCAA) ko D2 (mataki na biyu) ko kwalejojin shekara biyu, can doka ta yarda a bayar, ko da rabi ne. Kuma kafin ya ƙara cewa komai, ka sa shi ya nemo wasan Laraba tsakanin biyu daga cikin ƙananan ya kalla har ƙarshe, ya lura da kujerun da ke bayan benci duk sanda kyamara ta juya. In ka turo min bidiyon nasa zan duba in faɗa maka inda nake ganin zai iya shiga, ka haɗa min da tsawonsa na gaskiya ba takalmi.